Gidan Inno da Magunan Hajiya

Asabar, 3 ga Agusta, da hantsi

Da sunan Allah. Ni Abdullatif, tsohon hedimasta, mazaunin Kankia, na ga ya dace in tsara halin da gidana yake ciki a rubuce, domin na lura tunanina ya fara yi mani gardama.

Halin kuwa shi ne wannan. Mai ɗakina, Hajiya Hadijatu, ta faɗi a bakin murhu a farkon damina. Likita ya ambaci sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Da aka sallame ta daga asibiti, ɗiyarmu Rukayya ta wuce da ita gidanta a Kusada, domin ita ma'aikaciyar jinya ce, ni kuwa ba ni da ƙarfin ɗaga mutum. Ba na kwana can, tun da ba a san uba da kwana gidan suruki ba. Nakan je, in zauna, in dawo. Hajiya tana ci, tana sha, tana kallo. Ba ta magana. Idan na shiga, takan dube ni irin duban da ake yi wa mai karanta mitar wuta.

Ɗanmu Zainul Abidin ya yanke cewa zai zo ranar Lahadin ƙarshen wata ya tafi da ita Kaduna, kusa da manyan likitoci. Ban ce hujjarsa ba ta da ƙarfi ba. Amma Hajiya ta sha gaya mani, tana da lafiyarta, cewa kada a kai ta ta ƙarasa rayuwa inda ba ta san maƙwabta ba. Ba wanda ya ji wannan sai ni. Na faɗa wa yaron, ya ce, "Baba, idan ita ta nuna ba ta so, wa ya isa ya ɗauke ta?" Ke nan abin da ya rage mani ɗaya ne: ta gane ni, ta buɗe baki, kafin wannan Lahadin.

Likita ya ba da shawara a riƙa nuna mata abubuwan da ta sani tun da can. Ni kuma tun da na bar aiki ba ni da abin yi sai ƙera ƙananan gidaje da yumɓu ina yi masu fenti, rumbu bai wuce babban yatsa ba, turmi bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ba na ƙera abu mai rai, ko mutum ko dabba. Wannan ƙa'idata ce tun farko. Na ƙudura zan gina mata gidan mahaifiyarta, marigayiya Inno, da ke Dudunni, inda na fara ganinta ina sabon malami. Gidan ya daɗe da rushewa, wake ake nomawa a wurin yanzu, amma yana nan a kaina har da zanen shuni da fari da ke zagaye da ƙofar ɗakin Inno.

Saura abu guda. An bar ni da magunan Hajiya biyu: Zinariya, ja, mai dogon gashin wutsiya, da ɗanta muzuru, wanda Hajiya ta sa wa suna Sufeto saboda yakan shiga kowane ɗaki ba sallama yana shinshine-shinshine. Ni da su ba mu taɓa shiri ba. A da idan na zauna aiki, ita ke zama bakin ƙofa da su a cinya. Ranar da suka yi mani ɓarna na kawo ƙara, amsarta ɗaya ce: "Malam, kai ka bar ƙofa."

Saboda haka zan riƙa rufe ƙofa.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Na shimfiɗa yumɓu a kan allon katako, na ja layin katanga, na ta da zaure da ɗakuna uku. Iska cike take da laima, yumɓu ba ya son bushewa. Na rufe ƙofa.

Zinariya ta wuni a bakin ɗakin Hajiya tana kuka. Na zuba masu tuwo da miya, suka dube shi, suka dube ni.

Talata, 6 ga Agusta, da yamma

Na je Kusada. Na tarar an zaunar da ita a kan katifa, an jingina ta da matashi. Na gaishe ta kamar yadda na saba, na gaya mata gero ya fara fitar da kai a hanya. Ba ta ce komai ba.

Rukayya ta raka ni zaure. Ta ce, "Baba, ka rame. Wa ke yi maka girki?"

Na ce maƙwabta suna ƙoƙari.

"Magunan fa?"

"Suna nan da halinsu. Ko in kawo mata ɗaya ta gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ka san Sagir. Tun da jaririnmu ya fara tari ya ce ko kyanwar maƙwabta kada ta tsallako. Ba na so in haɗa masa jinya da rigima."

Sagir mijinta ne, gidan kuma nasa ne.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Na rufe ƙofa. Ban rufe taga ba.

Sufeto ya zauna a kan zaure. Ba takawa ya yi ba, zama ya yi, ya naɗe ƙafafu, kamar wanda aka naɗa sarautar wurin. Da na ɗaga shi, zauren Inno ya koma fanke.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi

Nagoggo ya zo. Taubashina ne, tare muka yi wasan ƙasa, kuma tsufa bai rage masa baki ba. Yana noman gyaɗa a Kunduru, yakan biyo ta nan da babur ɗinsa. Ya same ni da madubin ƙara girma a ido ina sake ɗora zaure.

Ya ce, "Hedimasta, ashe har yanzu ba a yaye ka daga wasan laka ba? Mi kake ginawa, gidan tururuwa?"

Na ce, "Gidan da aka hana ka shiga ne a Dudunni, saboda kai ba ka da takalmi."

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya matso ya duba da kyau. Ya ce, "Rumbun can ba nan yake ba. Gabas da rijiya yake, nan muka ɓoye ranar da kawunta ya fito da sanda." Gaskiyarsa. Na gyara.

Da zai tafi Sufeto ya bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya ce, "Ka ba ni mussoshin nan in kai gona, ɓeraye sun gama ni. Kai ka huta, su su ƙoshi."

Na ce amana ce.

Ya ce, "To, amana ta ci maka gida."

Asabar, 10 ga Agusta, da safe

Dole in rubuta wannan a tsanake.

Kalolina na gida ne: jar ƙasa, farar ƙasa, shuni, baƙin tukunya. Da ƙaro ake kwaɓa su don su kama. Hajiya ce ke jiƙa mani ƙaron, kuma wanda ta bari ya ƙare. Na jiƙa nawa, ya yi kauri, fentin ya tsattsage. Sai na tuna iyayenmu mata sukan zuba madara a farar ƙasa idan za su shafe ɗaki don kada ta riƙa bin tufafi. Na sayi madara, na kwaɓa, na shafe ɗakuna uku jiya da yamma. Sun yi kyau ƙwarai. Har na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Na rufe ƙofa, na rufe taga. Ban san akwai rata a ƙarƙashin rufi ba.

Yau na tarar sun lashe ɗakin Inno tas, har yumɓu ya fito. Suna zaune su biyu a kan kujerata, gemunsu fari.

Na yi shekara talatin da wani abu ina tsawata wa yara ɗari huɗu da ɗaga gira kawai. Yau na tsaya ina yi wa mage jawabi, tana lasar hannu.

Lahadi, 11 ga Agusta, bayan Magariba

An wuni ana ruwa. Babu abin da ya bushe.

Litinin, 12 ga Agusta, da yamma

Kusada. Na zauna kusa da ita na karanta mata abin da ya sawwaƙa. Idonta yana kan bango. Ba ta ce komai ba.

Ina nan Zainul Abidin ya kira wayar Rukayya, ta miƙo mani. Ya gaishe ni da ladabi, kamar kullum. Ya ce ya gyara ɗakin ƙasa, ya sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, ya samu matar da za ta riƙa kwana da ita.

Na ce, "Zainu, uwarka ba ta san kowa a Kaduna ba."

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A Kusadar ma wa ta sani yanzu?"

Bai faɗa don ya ɓata mani ba. Na miƙa wa Rukayya wayarta, na nemi takalmina.

Talata, 13 ga Agusta, bayan La'asar

Na sake shafe ɗakunan, wannan karon da ƙaro, na samu daidai. Na ɗora jinka da ciyawar tsintsiya. Na kafa darni da tsinken zana. Na kwaɓa shuni a murfin kwalba domin zanen ƙofa, wanda shi ne zuciyar aikin duka. A gaban wannan zanen take tsaye ranar da na fara ganinta, da ƙwarya a hannu. Aka kira salla. Na tashi, na ja ƙofa. Ashe Zinariya tana ciki, a ƙarƙashin tebur.

Ba zan bayyana yadda na samu wurin ba. Shuni ya bi tsakar gida ya shiga rijiya. Darni ya kwanta. Ita kuma tana bisa tebur tana wasa da turmi.

Nagoggo ya biyo da yamma. Ya tafi Kunduru da Zinariya cikin buhu a bayan babur.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Gida shiru. Na kankare tsakar gidan Inno har katako. Aiki yana tafiya.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Aiki yana tafiya. Sufeto bai ci abinci ba. Yana zagaya gida ɗaki ɗaki, ba irin zagayen da ya saba ba.

Na toshe ratar rufi da tsumma. Na rufe ƙofa.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Buroshin da nake zane mai laushi da shi ba na kasuwa ba ne. Gashin wutsiyar Zinariya ne, 'yan silalla, a ɗaure da zare a cikin gashin zabo. Hajiya ce ke yanko mani shi sau ɗaya ko biyu a shekara, domin ita kaɗai magen ke yarda ta riƙe. Guda ɗaya ya rage mani, kuma na san da haka ranar Talata. Na ce a raina zai isa.

Na wanke shi na shanya a bakin taga ta waje, na tafi masallaci. Na dawo na tarar Sufeto ya rungume shi yana lasa yana tauna. Ban doke shi ba. Ƙamshin uwarsa ya ji.

Asabar, 17 ga Agusta, da yamma

Na gwada gashin Sufeto bayan ya yaƙushe ni a hannu biyu. Gajere ne, ba ya riƙe fenti. Na gwada gashin akuya, ya yi tauri. Na sayi buroshi mafi ƙanƙanta a kantin littattafai, layin da yake ja ya fi ƙofar Inno faɗi. Na gwada tsinke. Na gwada gashin gemuna, abin da ban taɓa zaton zan rubuta ba.

Na kira Nagoggo na ce ya dawo mani da ita.

Ya ce, "Hedimasta, na so in gaya maka tun shekaranjiya. Ina kwance bakin buhu ta fice ta shiga gyaɗa. Ban sake ganin ko wutsiyarta ba."

Na ce, "Kai da ka ce za ta ƙoshi."

Ya ce, "Ni dai na tambaye ka sau biyu kafin in ɗaure buhun."

Sau biyu ya tambaye ni. Haka ne.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Kusada. Ba ta ce komai ba.

Amma na ga abin da ban lura da shi ba a da. Hannunta na hagu, mai lafiyar, yana kan cinyarta yana tafiya a hankali daga gwiwa zuwa sama, ya ɗaga, ya koma, ya sake. Rukayya ta ga ina kallo, ta ce, "Haka take yi kullum da yamma, Baba. Na tambayi likita, ya ce jijiyoyi ne."

Na ce to.

Ba jijiyoyi ba ne. Lokacin da nake zama aiki ke nan, ita kuma tana bakin ƙofa. Na san abin da hannun yake nema. Na aika shi Kunduru a cikin buhu.

Da zan fito Rukayya ta ce, "A gaida su Zinariya." Na ce za su ji.

Talata, 20 ga Agusta, da yamma

Na hau bayan babur ɗin Nagoggo zuwa Kunduru, da kifi busasshe a aljihun babbar riga. Na bi kunya kunya a cikin gyaɗa ina kiran "mus, mus, mus" kamar yadda Hajiya ke yi. Muryata ba ta dace da kiran ba. Wasu mata da ke cire ciyawa suka miƙe suna kallo. Ɗaya daga cikinsu, wadda ashe na koyar da ita a aji uku, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, lafiya? Mi ya ɓace?"

Na ce mage.

Ta rufe baki da gefen zane. Ta ce, "Allah shi bayyana ta." Sauran suka amsa da amin, kafaɗunsu suna rawa.

Nagoggo bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, har muka dawo. Wannan ya fi tsokanar ciwo.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Babu labari.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan Azahar

Babu labari. Na sake kafa darni. Tsinke uku na karya kafin ɗaya ya tsaya.

Na zauna na dubi gidan. Komai yana inda yake, rumbu gabas da rijiya, ɗorawa a bayan katanga, amma ƙofar Inno fara fat, ba zane. Gidan kowa ne. Idan ni da na gina shi ban ji komai ba, ita me za ta ji?

Ya Allah, ban roƙe Ka ta tashi ta yi gudu ba. Kalma ɗaya.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Rukayya ta kira, ta ce Zainul Abidin zai iso gobe da yamma, su kama hanya jibi bayan Azahar. Ta ce in haɗo kayan sawar Hajiya da carbinta.

Na shiga ɗakinta na haɗa. Ban daɗe ba.

Sannan na yi aikin ƙarshe, daɓen tsakar gida: yumɓu mai laushi da jar ƙasa, na lallaɓe shi da bayan cokali har ya yi sumul. Idan bai sha iska ba, ba zai bushe kafin jibi ba. Sufeto yana kwance a ɗakin Hajiya, ya daina shiga ko'ina. Babu sauran wanda zan rufe wa ƙofa. Na bar ta a buɗe.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Na dawo daga sallar Asuba na leƙa ɗakin aiki. Sawu ne a kan daɓen, tun daga bakin zaure, ya ratsa tsakar gida, ya wuce ta gaban ɗakin Inno, ya fita ta kan katanga. Kowane sawu ya fi rijiyar girma. Yumɓun ya riga ya kama, ba ya gyaruwa sai an kankare duka, kuma ba lokaci.

Na fito da niyyar da ba zan rubuta ba. Sai na ga Zinariya a bakin ɗakin Hajiya, ta rame har haƙarƙari ya fito, ƙaya a jikinta, kunne ɗaya a tsage, Sufeto yana lasar kanta.

Na zauna a ƙasa, a nan inda nake. Ban san tsawon zaman ba. Ita ce ta taso ta hau cinyata, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ciro kifin da ya kwana huɗu a aljihu na ba ta. Na cire mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Da ta yi barci na ɗauko almakashin Hajiya na yanki 'yan silalla a wutsiya, na nemi gafararta da baki, ban ji kunya ba.

Asabar, bayan La'asar

Na yi zanen ƙofa. Shuni da fari, layi biyu masu lanƙwasa da ɗigo a tsakani, kamar yadda Inno ta yi shi. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba. A gabansa kuma ga sawun mage kamar na giwa.

Na yi tunanin rufe sawun da 'yar tabarma. Ba ta isa ba. Haka zan kai shi.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan Magariba

Nagoggo ya samo mota, na riƙe allon a cinya har Kusada, an rufe shi da kwali. Na tarar motar Zainul Abidin a ƙofar gida, an riga an sa jakunkuna. Sagir ya tarbe ni a zaure. An yi wa Hajiya wanka, an ɗaura mata sabon kallabi, tana zaune a kan katifa kamar baƙuwa mai jiran mota.

Zainul Abidin ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi kwalin. Ya ce, "Baba, mene ne wannan kuma?"

Na ce, "Ka ba ni ɗan lokaci. Bayan haka ka yi abin da ka ga ya dace."

Na ajiye allon a gabanta na ɗauke kwali. Rukayya ta ce, "Ikon Allah. Gidan kaka ne." Na nuna wa Hajiya zaure. Na nuna mata rumbu, da rijiya, da ɗorawa. Na kai yatsa kan zanen ƙofa, na ce, "Hajiya, kin tuna? A nan kike tsaye da ƙwarya."

Ta kalla. Idonta ya bi ta kan zanen ya wuce, kamar yadda yake wuce ni. Ba ta ce komai ba.

Na ji Zainul Abidin ya yi ajiyar zuciya a bayana, ya taɓa makullin mota. Na miƙa hannu zan mayar da kwali.

Sai hannunta na hagu ya taso daga cinya. Ya sauka a tsakar gidan. Ta sa ɗan yatsa a cikin sawu na farko, ta zagaya shi. Ta matsa zuwa na biyu, da na uku, har bakin katanga. Sannan ta ɗago kai, ta neme ni a cikin mutanen ɗakin, ta same ni. Ba duban mai karanta mita ba ne. Duban da na sani ne, wanda ake yi mani idan na kawo ƙara. Bakinta ya yi ta motsi kafin sauti ya fito, kuma da ya fito a karkace yake, amma duk wanda ke ɗakin ya ji.

"Malam. Ka bar ƙofa."

Na ce, "Na bari, Hajiya. Ni na bari."

Rukayya ta fita da sauri. Nagoggo, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya juya yana gyaran hula da ba ta karkace ba.

Zainul Abidin ya matso ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Umma, ni ne Zainu. Za mu tafi Kaduna, ko kuwa gida kike so?" Ta mayar da yatsa cikin sawun, ta ce, "Mussa." Ya sake tambaya. Ta sake cewa, "Mussa," ta dube ni, irin duban mai tambayar ina ajiyarta.

Na ce, "Tana gida. Ta ci abinci."

Yaron ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya fita, na ji ya buɗe bayan mota yana sauke jakunkuna.

Ba ta ƙara cewa komai ba har na taho. Ban nemi ƙari ba.

Litinin, 26 ga Agusta, da hantsi

An yi shawara jiya a zauren Sagir. Za a dawo da Hajiya ɗakinta a Kankia ranar Laraba. Matar da Zainul Abidin ya samu za ta zo nan ta zauna da ita, Rukayya za ta riƙa zuwa, shi kuma zai riƙa kai ta ganin likita ya dawo da ita. Ban san ko za ta ƙara wata kalma ba. Likita bai yi alkawari ba, ni ma ba zan yi wa kaina ba.

Ga abin da zan faɗa wa jama'ar gida da masu zuwa dubiya idan an taru, na tsara shi a nan don kada in manta.

Ina godiya ga kowa bisa ɗawainiyar da aka yi, musamman surukina Sagir da ya buɗe gidansa. Bayan haka, ina roƙon alfarma ga 'ya'yana, da maƙwabta, da duk mai shigowa gidan nan. Kada a kori magunan nan daga ɗakin Hajiya, ko sun hau gado, ko sun sa baki a kofi. Wanda ba ya son su ya daure, ni ma na daure. Kada kowa ya gyara sawun da ke kan allon, ko ya share shi da nufin taimako. Da La'asar za a zaunar da ita a bakin ɗakin aikina, a ɗora mata Zinariya a cinya, ni kuma zan zauna in yi aikina kamar yadda aka saba. A wannan lokacin a rage hayaniya. Nagoggo yana iya zuwa kullum, amma ba da buhu ba. Ƙofar ɗakin kuwa, duk wanda ya same ta a buɗe, don Allah ya bar ta yadda ya same ta, ko da ya ga ana yi mani ɓarna.

Ina fatan samun haɗin kan kowa da kowa a kan wannan. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka maku da alheri.